Sabar da ba ta san sunanta ba: tarihin wata 'yar tambaya a Django

Ka taɓa manta kalmar sirrinka a wani shafin intanet, ka danna inda aka rubuta cewa ka manta, sai ga imel ya shigo da mahaɗin da za ka bi ka sa sabuwa? Idan ka sake samun irin wannan saƙo, tsaya ka dubi mahaɗin. Yana farawa da sunan shafin, sannan wasu haruffa da lambobi masu tsawo su biyo baya. Haruffan nan manhajar ce ta ƙirƙire su a lokacin, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma sunan shafin fa? Daga ina ta samo shi?

Za ka ce ai shafi ya san sunansa. To, bai sani ba. Kwamfutar da ke riƙe da shafi, wadda ake kira sabar ko uwar garke, abin da take da shi lamba ce, wato adireshin IP. Sunan da kake bugawa a burauza yana ajiye ne a wani tsari daban, DNS, wanda aikinsa ya fassara suna zuwa lamba. Mai shafi yana iya ɗaura suna goma a kan lamba ɗaya, ko ya canza suna cikin dare ba tare da ya taɓa sabar ba. Ita dai saƙonni kawai take gani suna shigowa. Saboda haka duk manhajar da ke son rubuta cikakken adireshinta, a imel ne ko a jerin shafukan da ake miƙa wa Google, dole ta tambayi wani. Kuma mutum biyu ne kaɗai za ta iya tambaya: mai gidan da ya kafa ta, ko baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa yanzu.

Django, ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren gina shafukan intanet da yaren Python, ya yi fiye da shekara goma yana kai da kawo tsakanin waɗannan biyun. Irin wannan tsari kamar shagon kayan gini ne: ƙofofi da tagogi da makullai an riga an ƙera, naka ka haɗa. Don haka abin da Django ya yanke a kan wannan tambaya, dubban shafuka ne suka gada ba tare da masu su sun taɓa tunani a kai ba.

Zamanin da saƙo ba ya ɗauke da suna

Ƙa'idar da burauza da sabar ke magana da ita ita ce HTTP. Zubinta na farko, wanda Tim Berners-Lee ya fitar a cibiyar CERN a 1991, layi ɗaya ne tal: kalmar GET, sai hanyar fayil ɗin da ake so. Babu sunan shafi ko kaɗan. Burauza ta tambayi DNS lamba, ta haɗu da lambar, ta ce a ba ta fayil kaza. Suna ya gama aikinsa tun a hanya. A lokacin wannan ya wadatar, domin kwamfuta ɗaya shafi ɗaya take ɗauka.

Da yanar gizo ta fara bunƙasa a tsakiyar shekarun 1990, kamfanonin da ke bayar da hayar wuri suka so su zuba shafuka ɗaruruwa a kan sabar ɗaya. Hanyar da suke da ita ita ce su ba kowane shafi lambar IP tasa. Lambobin IPv4 kuwa duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun a lokacin masana sun hango za su ƙare. Sun ƙare ɗin kuwa: a Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke rabon su, IANA, ta raba ragowar da ke hannunta.

Maganin da aka samo shi ne a ƙara layi ɗaya a goshin saƙo, mai suna Host, inda burauza za ta faɗi sunan da take nema. Kundin HTTP/1.0 da ya fito a Mayun 1996 bai ƙunshi wannan layi ba, duk da cewa burauzoji sun riga sun fara tura shi. Shi kuwa HTTP/1.1, wanda ya fito a Janairun 1997 a takarda mai lamba RFC 2068, ya wajabta shi, har ya ce duk saƙon da ya zo babu shi a mayar da shi da amsar 400, ma'ana buƙatar ba ta yi daidai ba. Saƙo ya koma kamar haka:

GET /labarai HTTP/1.1
Host: www.example.com

Kamar babban gidan haya ne mai ƙofa ɗaya. A da ɗan aike lambar gida kawai yake riƙewa. Yanzu idan ya yi sallama sai ya ce wurin wane ya zo. Abin lura a nan, wanda duk sauran labarin ya rataya a kansa, shi ne ɗan aiken ne ke faɗin sunan. Burauzar kirki tana faɗin gaskiya. Amma duk wanda ya iya rubuta layi uku na umarni yana iya tura saƙo ya sa sunan da ya ga dama a wurin.

Daga sabar, sunan yana gangarowa zuwa manhaja ta hanyoyi biyu. Tsohuwar ƙa'idar CGI ta 1993 ta tanadi SERVER_NAME, sannan abin da baƙo ya rubuta yana isowa da sunan HTTP_HOST. Da masu Python suka tsara tasu ƙa'idar haɗa sabar da manhaja, WSGI, wadda Phillip J. Eby ya rubuta a 2003, sun ba da shawarar yadda za a sake gina cikakken adireshi: a fara duba HTTP_HOST, in babu a koma ga SERVER_NAME. Wato maganar baƙo ce a gaba.

Jarida ɗaya, shafuka uku

Django ya fara ne da ɗaya amsar, ta mai gida, kuma dalilin yana cikin inda aka haife shi. A 2003 Adrian Holovaty da Simon Willison suna aiki a sashen intanet na jaridar Lawrence Journal-World, a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, gari mai mutum kusan dubu 80 a ƙidayar 2000, mazaunin Jami'ar Kansas. Daga baya Jacob Kaplan-Moss ya shigo. Kamfanin jaridar yana da shafuka fiye da ɗaya: LJWorld.com na labarai, Lawrence.com na nishaɗi da al'amuran gari, da KUsports.com na wasannin jami'a. Sau da yawa labari ɗaya yana bukatar fitowa a shafi biyu. Sa editoci su shigar da shi sau biyu ɓata lokaci ne, kuma in aka gyara kuskure a ɗaya za a iya mantawa da ɗayan.

Sai suka yi wani ɗan tebur a rumbun bayanai mai suna Site. Kowane layi a ciki shafi ne guda, da abu biyu kawai: sunan adireshinsa, da sunan da mutane ke kiransa. Kowane labari sai a ɗaura shi da shafi ɗaya ko biyu. To ta yaya manhajar da ke gudana za ta san wanne ce ita a cikin ukun? Sai aka ce a rubuta lamba a fayil ɗin saituna: SITE_ID. In ka ga 1, to layi na farko ke nan. Da aka saki Django ga duniya a Yulin 2005, da wannan tsari ya fito.

Yana da kyau ƙwarai ta wani ɓangaren. Babu baƙon da zai iya taɓa shi. Kuma yana aiki ko da babu baƙo sam, misali da tsakar dare idan manhaja za ta tura wa masu rajista imel na labaran gobe. Amma lambar a kafe take. Kwafi ɗaya na manhaja shafi ɗaya kaɗai zai iya zama. Shafuka uku na nufin fayilolin saituna uku da kwafi uku suna gudana, kowanne yana cin nasa rabon ƙwaƙwalwar sabar. Ga jarida mai shafuka uku, ba komai. Ga kamfanin da ke son ba kowane ɗaya daga abokan cinikinsa dubu nasa adireshin, ba ya yiwuwa.

Akwai kuma wata 'yar matsala mai ban dariya da duk wanda ya koyi Django a waɗancan shekaru ya sani. Da ka kafa sabon aiki, Django zai cike layin farko na teburin da example.com, suna ne da aka keɓe tun 1999 don misali kawai. In ba ka shiga ka canza ba, sai masu amfani da shafinka su riƙa samun imel na sauya kalmar sirri yana tura su example.com. Mai gida ma yana iya yin kuskure a sunan gidansa, musamman in bai san an tambaye shi ba.

Amsa biyu a gida ɗaya

Yawancin masu amfani da Django ba jarida suke gudanarwa ba. Shafi ɗaya gare su, suna ɗaya. Suka fara tambaya: don me za a tilasta mana tebur da lamba don abin da burauza ke faɗa mana a kowane saƙo? A zubi na 1.0, wanda ya fito a Satumbar 2008, akwai abin da ake kira RequestSite. Kamanninsa ɗaya da Site, yana da adireshi yana da suna, sai dai ba ya duba rumbun bayanai. Layin Host kawai yake karantawa ya maimaita.

Yanzu amsa ta zama biyu, kuma ba a ajiye wurin da za a zaɓa tsakaninsu ba. A lokacin Django yana zuwa da ƙananan sassa da dama: na shiga da fita, na sharhin masu karatu, na jerin shafuka don injunan bincike, na rarraba sababbin labarai ta RSS, da sauransu. Kowannensu yana bukatar sanin wane shafi ake ciki, kuma mutane daban-daban ne suka rubuta su a lokuta daban-daban. Wani sashen yakan duba: in an girka teburin Site a yi amfani da shi, in ba a girka ba a koma ga RequestSite. Wani kuma kai tsaye yake zuwa teburin ba tare da ya duba ko yana nan ba. A zubi na 1.2, shafin shiga yana yin wannan dubawar, amma fom ɗin sauya kalmar sirri, wanda ke zaune a sashe ɗaya da shi, ba ya yi. Ka cire teburin da aka ce maka ba dole ba ne, mutane su shiga lafiya, ranar da wani ya manta kalmar sirrinsa sai manhaja ta faɗi.

Rahotannin matsala suka taru, kowanne yana kuka da sashe daban, alhali cutar ɗaya ce. A Oktoban 2010 aka yi gyara guda da ya rufe da yawa daga cikinsu a lokaci ɗaya, kuma Gabriel Hurley ne ya haɗa mafi yawan aikin. Gyaran kansa bai fi 'yan layuka ba: ɗan umarni mai suna get_current_site, ka ba shi saƙon baƙo, ya duba ko teburin na nan, ya ba ka amsar da ta dace. Sauran aikin shi ne bin sassan ɗaya bayan ɗaya ana goge nasu dabarun ana sa su kira shi. Ya fito a zubi na 1.3, a Maris ɗin 2011.

A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci a labarin, duk da cewa shi ne mafi rashin armashi. Bai ƙara wa Django wani sabon iyawa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya mayar da tambaya mai ƙofa goma ta zama mai ƙofa ɗaya. Duk canjin da ya zo daga baya, a wuri ɗaya aka yi shi, sassan kuma suka gada. Amma akwai wani sakamako da ya zo tare da shi. Tunda yanzu ko'ina yana aiki babu teburin, mutane da yawa suka samu damar cire shi. Duk wanda ya cire kuwa, ya miƙa wa baƙo iznin faɗa wa manhaja sunanta.

Lokacin da ɗan aike ya fara ƙarya

Ga yadda harin yake. Ɗan kutse ya je shafin sauya kalmar sirri, ya sa adireshin imel ɗinka, amma kafin saƙon ya tafi sai ya canza layin Host ya sa sunan nasa shafin. Manhaja ta ƙirƙiri lambar sirri ta gaske, ta haɗa mahaɗi da sunan da aka ba ta, ta tura maka. Imel ɗin na gaske ne. Daga sabar ta gaske ya fito, da tambarin da ka saba gani, ba wata matatar saƙonnin banza da za ta tare shi. Abu ɗaya ne kawai ya canza: farkon mahaɗin. Da ka danna, lambar sirrin ta tafi sabar ɗan kutse, shi kuma ya ɗauka ya kai shafin na gaske ya sa kalmar sirrin da yake so.

Mai karatu zai iya tambaya: in sunan ƙarya ne, ta yaya saƙon ma ya isa ga manhajar? Ai da sunan ake rarrabe 'yan hayar gidan. Amsar ita ce manyan manhajojin sabar irin Apache da nginx, idan suna bai dace da kowa ba, ba sa korar baƙo. Suna kai shi ɗakin da aka ware a matsayin na farko. In naka ne na farko, ko kai kaɗai ne a gidan, duk ɓataccen ɗan aike wurinka zai sauka.

Django ya yi ta toshe wannan rami sau huɗu cikin wata goma sha takwas. Na farko a Satumbar 2011. Akwai wani layi, X-Forwarded-Host, da sabar bakin ƙofa ke ƙarawa idan tana miƙa saƙo ga wata sabar ta ciki, don ta faɗa mata asalin sunan da baƙo ya nema. Django yana fifita wannan layi a kan Host ba tare da ya tambayi ko akwai sabar bakin ƙofar ba. Baƙo kuwa yana iya rubuta shi da hannunsa. Aka daina amincewa da shi sai in mai shafi ya kunna wani saiti da kansa.

Na biyu a Oktoban 2012, bayan rahoton wani mai binciken tsaro, James Kettle. Dabarar a nan ta fi wayo. Tsarin adireshin intanet ya yarda a sa sunan mai shiga da kalmar sirri kafin sunan shafi, a raba su da alamar @. Don haka in ka rubuta sunan shafi na gaske, ka bi shi da ɗigo biyu da @, sannan sunan shafinka, sabar za ta iya ganin farkon ta ce ai nawa ne ta bar shi ya wuce. Burauzar wanda aka cuta kuwa za ta ɗauki farkon a matsayin sunan mai shiga, ta tafi ga na ƙarshen. Rubutu ɗaya, masu karatu biyu, fassara biyu. Aka sa Django ya ƙi duk Host mai ɗauke da irin waɗannan alamomi. A wannan gyaran ne kuma aka toshe wata kafa a hanyar sauya kalmar sirri ta ɓangaren masu gudanar da shafi, wadda ke ɗauko layin Host ɗanye daga saƙon, ba ta bi ta inda ake tacewa ba. Ka ga ko bayan aikin 2010, an samu taga guda da ba a lura da ita ba, kuma ta nan ɓarawo ya leƙo.

A Disamban shekarar aka ƙara tsaurarawa: maimakon a lissafa alamomin da aka hana, aka lissafa waɗanda aka yarda da su a cikin suna. Amma duk wannan duba siffar suna ne. Sunan shafin ɗan kutse ma suna ne mai kyakkyawar siffa. Babu yadda za a gane ƙarya ta hanyar kallon haruffa.

Sai a Fabrairun 2013 aka kai ga asalin maganin, ALLOWED_HOSTS. Jeri ne da mai shafi zai rubuta a fayil ɗin saituna: ga sunayen da gidan nan ke amsawa. Baƙo ya faɗi sunan da yake nema kamar yadda ya saba, a duba jerin, in babu a juya shi. A tsofaffin zubi, 1.3.6 da 1.4.4, an bar jerin da alamar tauraro, ma'ana kowa ya shigo, don kada shafukan da ke aiki su tsaya cak. A zubi na 1.5, wanda ya fito a ƙarshen watan, jerin fanko yake zuwa, kuma da zarar ka fitar da shafi daga yanayin gwaji ba zai amsa wa kowa ba sai ka cike shi. Kettle ya wallafa cikakken bayanin irin waɗannan hare-hare a 2013, ya nuna cewa ba Django kaɗai ke da raunin ba.

Duba abin da ya faru a nan. Ba a zaɓi mai gida an kori baƙo ba, ba a kuma bar baƙo yadda yake ba. An raba aikin: mai gida ya faɗi sunayen da suka halatta, baƙo ya zaɓi ɗaya a ciki. Shekara goma sha shida ke nan bayan wajabta layin Host.

Wannan saiti ya ɓata wa sababbin masu koyo rai ba kaɗan ba, kuma har yau yana yi. Ka gama gina shafinka, yana aiki lafiya a kwamfutarka, ka ɗora shi a sabar, sai ka ga fari fat da amsar 400. Ka bincika, shawarar farko da za ka ci karo da ita a wurare da yawa ita ce ka sa tauraro. Shafi ya tashi, ka yi hamdala. Abin da ka yi kuwa shi ne ka mayar da shafinka 2012. Tauraron yana da wurinsa, idan akwai wata sabar a gaba da ke tace sunaye da gaske. In babu, rubuta sunan bai fi daƙiƙa goma ba.

Abin da ya biyo baya

Daga nan canje-canjen suka zo da sauri. A zubi na 1.6, Nuwamban 2013, aka daina girka teburin Site a sabon aiki sai in ka nema. A 1.7, Satumbar 2014, aka ƙara wani ɗan sashe da ke maƙala amsar a jikin kowane saƙo tun daga shigowarsa, don kada kowane shafi ya riƙa tambaya da kansa. A 1.8, Afrilun 2015, aka warware tsohuwar matsalar lamba kafaffiya: in teburin na nan amma ba ka sa SITE_ID ba, Django zai ɗauki sunan da baƙo ya faɗa ya neme shi a teburin. Kwafi ɗaya na manhaja ya iya zama shafuka dubu, kowane baƙo ya ga nasa. Shekara goma mutane suna rubuta dabarun kansu don samun wannan. Kuma tunda duk sassan ta get_current_site suke bi tun 2011, ba a bukaci bin su ɗaya-ɗaya ba a wannan karon.

Neman suna a tebur ya fito da abubuwan da ba a damu da su a da ba. Me zai faru in layi biyu suna da suna ɗaya? Me zai faru in baƙo ya zo da lambar ƙofa a maƙale da sunan, kamar 8000 ɗin da ake amfani da ita wajen gwaji? A 1.9, Disamban 2015, aka hana maimaita suna a teburin, aka kuma ce in ba a samu suna da lambar ƙofarsa ba a yanke lambar a sake nema.

Saura rami ɗaya da aka bari da gangan a 2013. A yanayin gwaji ba a duba jerin sunayen, bisa tunanin cewa manhajar da ke gudana a kwamfutar mai gina ta, ba a kan intanet ba, wa zai kai gare ta? Ashe burauzarsa za ta kai. Ya buɗe wani mugun shafi a wani gefen. Mai mugun shafin ya canza bayanin DNS ɗinsa cikin daƙiƙoƙi, sunan ya daina nuna sabar tasa ya koma nuna 127.0.0.1, lambar da kowace kwamfuta ke kiran kanta da ita. Burauza tana ganin har yanzu da shafi ɗaya take magana, sai ta bar umarnin mugun shafin ya karanta abin da manhajar gwajin ke fitarwa, har da shafukan kuskure masu tona bayanan ciki. Alamar da za a gane wannan da ita ɗaya ce: layin Host yana ɗauke da baƙon suna. A Nuwamban 2016 aka fara dubawa har a yanayin gwaji, inda jerin fanko ke nufin sunayen kwamfutar kanta kawai.

Sauran tsare-tsare sun bi hanya mai kama da wannan, kowa da lokacinsa. Ruby on Rails ya kawo nasa jerin sunaye a zubi na 6.0 a Agustan 2019. Flask, wani tsarin Python, ya ƙara saitin TRUSTED_HOSTS a zubi na 3.1 a Nuwamban 2024. WordPress tun asali a rumbun bayanai yake ajiye adireshin shafi, irin amsar mai gida, shi ya sa sauya masa suna ke bukatar kulawa. Duk da haka a 2017 Dawid Golunski ya nuna cewa wajen haɗa adireshin mai aiko imel ɗin sauya kalmar sirri yana ɗauko SERVER_NAME, wanda a wasu saitunan Apache daga bakin baƙo yake fitowa. Ko layin da sunansa ke nuna na sabar ne, ba kullum yake nata ba.

Ita ma ƙa'idar HTTP ta ci gaba da ƙara wuraren da suna ke iya fitowa. Tun a HTTP/1.1 ana iya sa cikakken adireshi a layin farko na saƙo, kuma ƙa'ida ta ce in an yi haka shi za a bi, a yi watsi da Host. A shafukan da ke ɓoye sadarwa, burauza tana faɗin suna tun wajen gaisuwar farko ta hanyar SNI, wanda aka tsara a 2003, kafin ma a kai ga Host. A 2014 aka fitar da layin Forwarded don ya maye gurbin su X-Forwarded-Host, sai dai tsofaffin sun ƙi tafiya. HTTP/2 na 2015 ya zo da nasa filin mai suna :authority. Saƙo ɗaya na iya ratsa sabar uku kafin ya isa ga manhaja, kuma ba dole ba ne ukun su karanta wuri ɗaya. Jerin sunayen Django abin da ya iso gare shi kawai yake iya dubawa.

Akwai kuma inda tsarin na yanzu bai kai ba. Duk dabarar 1.8 ta dogara ne ga samun baƙo a bakin ƙofa. Aikin da ke tashi da kansa ƙarfe biyu na dare don tura takardun biyan kuɗi ba shi da saƙon da zai karanta. In babu SITE_ID kuma babu saƙo, Django kuskure yake jefowa ya ce ba a saita shi daidai ba. Mai shafuka dubu dole ya ajiye a jikin kowane aiki na wane shafi ne, ya kuma ɗauko sunan da kansa. Sannan teburin Site har yau abu biyun nan na Lawrence ne a cikinsa, adireshi da suna. Ba ya faɗin ko http ne ko https. Idan akwai saƙo ana ganewa daga gare shi. Idan babu, mai gina manhaja ne zai rubuta da hannu. Shi ya sa in ka buɗe fayil ɗin saitunan ayyukan Django da yawa, ƙasa da ALLOWED_HOSTS kaɗan za ka tarar da wani layi da mai aikin ya ƙirƙira wa kansa, wani ya kira shi SITE_URL, wani BASE_URL, kowa da sunan da ya ga dama.